Tankunan Hanford da Tarihin Mayar da Dagwalon Nukiliya Gilashi

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu waiwayi wani bashi da Amurka ta ci lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda har yau ba ta gama biya ba. A shekarar 1943 gwamnatin ƙasar ta kafa masana'antar Hanford a bakin Kogin Kolombiya, cikin Jihar Washington, domin samar da sinadarin fulutoniyam. Da shi aka haɗa bam ɗin da aka jefa wa Nagasaki a 1945. Dagwalon da aikin ya bari, mai fitar da tururin guba, sai aka riƙa ɗura shi cikin tankunan ƙarƙashin ƙasa, har suka kai 177, ɗauke da galan wajen miliyan 56. Guda 149 bango ɗaya gare su, ana kuma zaton fiye da 60 sun yi yoyo.

Dabarar da masana suka tsayar ita ce a gauraya dagwalon da sinadaran yin gilashi, a narkar da su a zafin digiri kimanin 1,150 na ma'aunin Salsiyas, a zuba cikin tukwanen ƙarfe su daskare. Ya kamata mu lura cewa gilashin ba ya kashe gubar. Ɗaure ta kawai yake yi, kada ruwa ya kwashe ta zuwa kogi.

Faransa ta soma wannan aiki a Marcoule tun 1978. A Hanford kuwa, an ƙulla yarjejeniyar tsabtace wurin a 1989, aka fara gini a 2002, amma sai a 2025 aka zuba gilashin farko, shi ma daga dagwalo mai sauƙin guba. Mafi haɗarin yana nan kwance cikin tankuna.