Kurame da Zaman Makoki a Ƙasarmu: Jiya da Yau

Masu iya magana sun ce mutuwa rigar kowa. Sai dai idan muka waiwayi yadda kakanninmu suka tsara makoki, za mu tarar kusan dukkansa a kan kunne aka gina shi. Da kukan mata daga cikin gida maƙwabta kan gane an yi rashi. Da baki ake aiken yaro ya zaga dangi, da baki ake ta'aziyya, da baki ake amsawa. To, ina matsayin ɗan'uwanmu kurma a ranar da ya rasa uwa ko uba?

A zamanin da, kurame ba a gefe suke ba. A birnin Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kamar yadda makafi ke da nasu sarkin. Suna da harshensu, wato maganar hannu, wadda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. A ƙauye kuwa, duk wanda ya tashi gida ɗaya da kurma yakan iya wannan magana gwargwado. Idan aka yi rasuwa, sai wanda ya fi shaƙuwa da shi ya dafa kafaɗarsa, ya ja shi gefe ya nuna masa. Sauran bayani kuma, labarin zuciya a tambayi fuska.

Haka kuma makokin da cike yake da aikin hannu. Kurma yakan shiga haƙar kabari, ya karɓi makara, ya sa hannu a mayar da ƙasa. Mace kuma takan shiga dakan gumbar sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Ta wannan hanya suke sauke nauyin zuciya tare da kowa.

Duk da haka, akwai inda abin ke musu wuya tun a wancan lokaci. A sauran salloli kurma da ido yake bin liman, ya ga ruku'u ya ga sujada. Sallar gawa kuwa kabbara huɗu ce a tsaye, kuma a mazhabar Malikiyya a ta farko kaɗai ake ɗaga hannu. Sai ɗa ya tsaya a sahun gaba a kan gawar mahaifinsa, bai san an kai kabbara ta nawa ba har ya ga an waiwaya an yi sallama. Haka a zaure, sai dai ya ga an ɗaga hannu ya ɗaga, an shafa ya shafa. Kyawawan halayen mamaci da ake ta ambato, waɗanda su ke sanyaya zuciya, duk su wuce shi.

Zamani ya zo da nasa sauyin. A 1960 Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya buɗe makaranta a Ibadan, inda ya yaɗa maganar hannu irin ta Amurka. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano. Yaranmu sun sami ilimi, amma da yawa sun dawo da harshen da iyayensu ba su sani ba. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta ƙara yawan yaran da suka rasa jinsu. Sanarwar rasuwa ta koma gidajen rediyo, daga 2001 kuma ta koma wayar salula. A gidaje da dama an taƙaita tarukan sadaka bayan wa'azin malamai, musamman tun kafuwar Izala a Jos a 1978. Mu kuma da muka watsu a birane, mun bar ƙannenmu kurame ba tare da waɗanda suka saba yi musu bayani ba. Wani ma da gangan ake ɓoye masa, wai don tausayi, sai ya zo gida ya tarar da tabarmi a ƙofa.

A yau saƙon rubutu da kiran bidiyo sun rage wannan tazara, kuma tun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Amma doka ba ta zuwa zaman makoki. Ya kamata wannan ƙungiya ta tabbata duk sanarwar rasuwa ta fita a rubuce, kowane gida ya ware wanda zai sanar da kurma ido da ido kafin a ɗauki gawa, a kuma sami mai tsayawa kusa da shi a sahu yana taɓa shi a kowace kabbara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.