Shekarar da Sharon ta Shigo Mana

Duk wadda ta ɗora tukunya a 2016 ba za ta manta da tsadar tumatir ba. Miya ta koma ta gwangwani da ta leda, wasu gidajen kuwa kuka da kuɓewa aka yi ta sha har yara suka fara ƙorafi. Tunda muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu tuna wa juna, 'ya'yanmu ma su ji.

Wata 'yar tsutsa ce ta jawo duk wannan. Masana na kiranta Tuta absoluta, manoman Kano suka laƙa mata Sharon, 'yan jarida kuma suka ce Ebolar tumatir. Asalinta Kudancin Amurka. A 2006 aka gan ta a Sifen, ta tsallako Arewacin Afirka, ta yi ta gangarowa har ta iso mu. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a watan Maris, ta tsaya cak don babu abin niƙawa.

Mu masu shuka a bayan ɗaki, cikin buhu da tsofaffin bokitai, ai ba ta ƙyale mu ba. Uwarta ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai ruwan toka, da dare yake tashi ya zuba ƙwai a ganye. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta shige cikin ganyen tana ci, daga nan ta huda 'ya'yan. Shi ya sa feshi bai cika samunta ba. Wallahi wasunmu kuɗin adashi suka zuba a magani, ita kuwa tana ciki a kwance abinta.

Sai daga baya muka gane. Kullum da safe a duba ganye. Wanda ya yi tabo fari-fari a tsinke shi a ƙone, ba a jefa shi bola. A daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Buhun da ya kamu kuma a sake masa ƙasa kafin a mayar da tumatir ko gauta. Mai kadada goma ba zai iya bin ganye ɗaya-ɗaya ba, amma ke mai tushe ashirin, kafin ruwan koko ya tafasa kin gama.

Ba ta tafi ba fa. A 2023 ta sake far wa gonakin Kano. A shekarar, da yawa cikinmu daga bayan ɗaki suka riƙa tsinko na miya.