Ɗakin Kwana da Ƙofar Ilimi: Tarihin Masaukin Ɗalibban Jami'a a Nijar

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu bi tarihin kuɗɗin da gwamnatin Nijar take kashewa wajen tanadar ma ɗalibban jami'a masauki mai rahusa. Ra'ayinmu shi ne: a ƙasar da ta share kusan shekara 40 jami'ar gwamnati guda ɗaya gare ta, ɗakin kwana yana cikin abubuwan da suke yanke hukunci a kan wanda zai yi karatu mai zurfi da wanda zai koma gida.

2. Asalin tsarin

An buɗe cibiyar koyarwa mai zurfi a Yamai cikin shekara ta 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni. An gina ta a ƙetaren kogin Isa, gadar Kennedy ce take haɗa ta da tsakiyar gari. Tsarin kula da ɗalibbai kuwa daga Faransa muka aro shi. Can ne dokar 1955 ta kafa hukuma ta musamman mai kula da ɗakin kwana da abincin ɗalibi, dabam da hukumar da take kula da darasi. Mu ma haka muka yi: hukuma guda ta riƙe ɗakuna da gidan abinci da motocin jigila, gwamnati kuma ta biya kuɗin tallafin da ake kira burs.

Tsarin ya zo daidai da lokacin samu. An fara haƙar uraniyom a Arlit cikin 1971, a Akuta cikin 1978, baitulmali ya cika, ɗalibbai kuma ba su da yawa. Yaron da ya taso daga ƙauyen Tasawa ko na Madawa, wanda ba shi da kowa a Yamai, yana iya sauka da akwatinsa ya samu gado. Abin da mai masauki yake yi ma baƙo a zango, shi gwamnati ta ɗauki nauyin yi.

3. Shekarun tsuke bakin aljihu

Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa. Tun 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, daga baya da Bankin Duniya. Masu ba da bashi suna ganin kuɗɗin da ake kashe ma ɗalibin jami'a ɗaya za su isa a karantar da yara da yawa a firamare, saboda haka suka nemi a rage su. Wannan lissafi yana da ƙamshin gaskiya, amma ya manta cewa malamin firamaren da likitan ƙauyen daga makaranta mai zurfi suke fitowa.

A nan ya kamata mu bambanta kuɗɗi iri biyu. Burs da abinci kuɗɗin yau da kullum ne: idan aka yi jinkirin biyansu, nan take ɗalibbai su fito titi. Gini kuwa, idan aka ɗage shi zuwa baɗi, ba wanda zai yi zanga-zanga a ranar. Shi ya sa duk lokacin da aljihu ya ƙuntata, gini ake fara yankewa. Amma jama'a ba ta tsaya ba: ƙidayar 1977 ta ba da mutum wajen miliyan 5, ta 1988 fiye da miliyan 7. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ya koma ɗaukar ninkin haka, wasu a gado, wasu a tabarma.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibbai suka yi maci don nuna ƙin waɗannan matakai. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibbai uku suka rasu. Wannan rana tana cikin dalilan da suka kai mu ga Taron Ƙasa na 1991, wanda André Salifou ya shugabanta. Siyasa ta sake, amma matsalar ɗaki ba ta gushe ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan ginin da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, yajin aiki kuma ya lalata shekarun karatu.

4. Jami'o'in jihohi

A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i. A 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Wannan ya kusanto da karatu ga iyaye, kuma wanda yake da dangi a gari ya samu sauƙi. Sai dai buɗe aji ya fi gina masauki sauri, ga shi ƙidayar 2012 ta nuna mun wuce miliyan 17. Wanda bai samu ɗaki ba sai haya a unguwa, ya biya daga burs ɗin da yake zuwa a makare. Ɗiya mace abin ya fi shafa, domin iyaye da yawa ba za su bar ta ta tafi garin da ba ta da amintaccen wurin kwana ba. Ranar 10 ga Afrilu 2017 wata zanga-zanga a kan halin zaman ɗalibbai ta sake cin ran ɗalibi a Yamai.

5. Kammalawa

Darasi biyu muka ciro daga wannan tarihi. Na farko, kuɗɗin gina masauki suna bukatar gurbinsu na dabam cikin kasafin ƙasa, na shekaru da dama, wanda ba za a taɓa ba don biyan bashin burs. Na biyu, a lissafa gado tun ranar da ake lissafa kujerar aji, a kuma fifita ƴan karkara da ƴan mata wajen rabo. In ba haka ba, jarrabawa za ta buɗe ma ɗan talaka ƙofar jami'a, kuɗin haya su rufe ta.