Tambaya ta 21: Sojan Amurka Tsakanin Neman Magani da Tsare Sirri

Wannan maƙala za ta bi diddigin wata tambaya guda da ta daɗe tana hana sojojin Amurka zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, wato tambaya ta 21 a fom ɗin SF-86, wanda duk mai neman izinin sanin sirrin gwamnati yake cikewa. Ga hafsa ko ma'aikacin leƙen asiri, rasa wannan izini daidai yake da rasa aiki.

Kafin zuwan fom ɗin ma, aikin soja bai cika tausaya wa wanda yaƙi ya gigita ba. A watan Agustan 1943, a tsibirin Sisili, Janar George Patton ya mari wasu sojoji biyu da ya tarar a asibiti ba su da rauni a jiki, yana kiran su ragwaye. Janar Eisenhower ya tilasta masa neman gafara. Abin lura shi ne, Eisenhower ɗin nan, da ya zama shugaban ƙasa, shi ya sa hannu a 1953 kan umarni mai lamba 10450, wanda ya sanya taɓin hankali cikin abubuwan da za a bincika kafin a amince wa ma'aikacin gwamnati. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, kuma hujjar ba ta rasa tushe ba, domin wanda hankalinsa ya gushe yana iya sakin baki.

Sai dai kuma tambayar, a yadda aka tsara ta daga baya, ba ta tsaya ga masu ciwo mai tsanani ba. Cewa take yi mutum ya faɗi ko ya ga wani masanin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin shekaru bakwai da suka wuce. Ta haka wanda ya nemi magani ya zama abin tuhuma, wanda ya ɓoye ciwonsa kuwa ya wuce salin alin. Haƙiƙa a nan tsarin ya yi tufka da warwara, don mai ciwon da ba a yi wa magani ba shi ne ya fi zama haɗari ga sirrin da ake son tsarewa. A 1995 Shugaba Clinton ya ba da umarni mai lamba 12968, wanda ya hana a zargi mutum don kawai ya nemi shawarar likita, amma tambayar ta ci gaba da zama a fom, kuma abin da soja yake gani da idonsa ya fi abin da doka ta faɗa tasiri a zuciyarsa.

Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi ne suka fito da ɓarnar fili. Binciken da Charles Hoge da abokan aikinsa suka buga a 2004 ya nuna cewa daga cikin sojojin da aka ga alamun ciwon a jikinsu, kashi 23 zuwa 40 cikin ɗari ne kaɗai suka nemi magani. A 2008 cibiyar RAND ta ƙiyasta cewa kimanin sojoji 300,000 da suka dawo daga fagen fama suna fama da firgitar bayan yaƙi ko matsananciyar damuwa. A watan Mayun shekarar, Sakataren Tsaro Robert Gates ya sanar da cewa ba sai soja ya bayyana shawarar da ya nema saboda abin da ya gani a fagen daga ba. A 2013 aka yi irin wannan sassauci ga waɗanda aka yi wa fyaɗe, sannan a 2016 aka sake tambayar baki ɗaya, ta koma kan abubuwa kamar kwanciya a asibiti, da umarnin kotu, da wasu cututtuka ƙayyadaddu.

Duk da haka, tsoron idon manya bai gushe ba. Bayan da wani sojan ruwa, Brandon Caserta, ya kashe kansa a 2018, iyayensa suka yi ta fafutuka har aka kafa doka da sunansa a 2021. Dokar ta ba soja damar neman a duba shi ba tare da ya faɗi dalili ba, amma ta hannun shugabansa zai miƙa buƙatar.