Wa Ya Raɗa Masa Suna Tsautsayi?

A unguwarmu ta Kusugu a Daura, ba nisa da ɗakin da aka gina a kan rijiyar Kusugu, mota ta taɓa kwashe wani ɗan garuwa da almuru, shi da kurarsa. Ƙafar dama ta karye biyu, jarkoki suka watse a titi. Waɗanda suka zaro direban sun ce da ƙyar yake tsayuwa, harshe ya yi nauyi, idanu jajir kamar garwashi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda sunan abin ya yi ta sauyawa daga baki zuwa baki. A gefen titi cewa ake "ɗan ƙwaya ya take mutum". A ƙofar masallaci bayan isha'i ya koma "an yi hatsari". Da gari ya waye, dangin direba suka zo dubiya da ledar lemo da 'yan kuɗi a ambulan, sai ya zama "tsautsayi". Nan ya tsaya, bai ƙara gusawa ba.

Hatsari dai baƙo ne da ya zama ɗan gida. Daga Larabci muka aro shi, shi ya sa yake da fuska biyu, hatsari da haɗari, kamar yadda ake samun Tsalha da Ɗalha: harafi ɗaya ne na Larabci, bakin Bahaushe ya raba shi biyu. (Hadarin da ke haɗowa daga gabas da damina daban ne, dalinsa ba ta da lanƙwasa.) Asalin ma'anarsa abin da ake tsoro tun bai auku ba, kamar a ce hanya mai hatsari. Da muka ɗora shi a kan karon mota, sai ya zo mana da wata kyauta: ba ya bukatar mai aikatawa. An yi hatsari. Hatsari ya rutsa da su. Ko mun matsa kusa, motar muke ɗora wa laifi: mota ta buge shi, mota ta ƙwace, taya ta fashe. Direba yana can kujerarsa kamar ɗan kallo.

Tsautsayi ya fi hatsari rufe baki, domin shi da ranarsa yake zuwa, kuma an ce ba ya wuce ta. Wa zai kai rana ƙara? Daga tsautsayi taku ɗaya ne zuwa ƙaddara, inda duk mai neman bayani za a soma yi masa kallon mai raunin imani. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan haka take. Wanda bai yi niyya ba ma an ce ya biya. Ina ga wanda ya haɗiyi abin da ya haɗiya, sannan ya kama sitiyari?

Shi ma abin haɗiyar ba ma son kiran sunansa. A rubuce, maye na shaye-shaye da maye mai kama kurwa kalma ɗaya ce, sai karin sauti ya raba su, kuma dukansu a raɗa ake faɗinsu. Sai ka ji "ba ya cikin hayyacinsa", "ya ɗan taɓa", "a buge yake", in abin ya yi yawa a ce ya yi tatil. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Katsina a shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, giya ta ƙara shigewa lungu. Abin da ya fi yawo a tasha shi ne ƙwaya irin su tiramol, da wiwi, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018. Direban dogon zango ba ya kiran wannan maye. Maganin gajiya yake ce masa, ko maganin barci. Na'urar busawa da 'yan rod sefti ke riƙewa kuwa barasa take ganewa a numfashi, ƙwaya sai gwajin jini ko fitsari. Ke nan mayen da ya fi addabar hanyar Daura zuwa Kazaure, ko ta Kwangwalam, shi ne wanda ya fi wuyar kamawa a bakin titi.

Wani tsohon malami da ke karantar da Risala a zaurensa na kai wa wannan magana. Na ce, "Allah gafarta Malam, littattafan nan ai ba su san mota ba." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, sun san jaki." Mai Risalar, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ya ɗora alhakin abin da dabba ta taka a kan mai kora ta, da mai janta, da wanda ke bisa bayanta. Kalmar da ya kira mai korar da ita, sa'iƙ, ita ce Larabawan yau ke kiran direban mota da ita. Littafin kuma ya raba mahaukaci da mashayi. Mahaukaci in ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, danginsa ne ke biyan diyya. Mashayi ba ya samun wannan rangwame, domin da hannunsa ya kore hankalinsa. Mu a unguwa "ba ya cikin hayyacinsa" uzuri ne. A littafi ba uzuri ba ne.

Diyya kuwa mun faɗaɗa ta ta wani gefe, mun ƙuntata ta ta wani. In gwamnati ta yanki gona za ta yi titi, kowa diyya yake nema, ba kunya. In mota ta karya mutum sai a ce "ai bai mutu ba", kamar diyya ta gawa ce kawai. Alhali fikihun Malikiyya ya bi jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa. Cikakkiyar diyyar namiji Musulmi raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari dubun nan a ma'aunin yau zinariya ce kilo huɗu da kwata. Hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya, ko ido ɗaya, rabin wannan. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Raunin da ya huda ciki sulusin diyya. Abin da ake biya a kan rauni malamai na ce masa arshi. Raunin da ba a yanka masa adadi ba kuwa, in ya warke ya bar naƙasa, alƙali ne ke ƙiyasta shi, kuma sunan wannan ƙiyasi hukuma. Kalmar da muke kiran gwamnati da ita, a nan ma'anarta kuɗin ɗingishi. Ba a kuma yanke shi sai rauni ya warke an ga abin da ya bari, wato yafiyar da ake karɓa a bakin gadon asibiti kwana ɗaya da faruwar abu, an karɓe ta tun kafin a san girman abin da ake yafewa.

Abin da ya maye gurbin duk waɗannan a bakinmu shi ne "kuɗin magani". Bambancin ba ƙarami ba ne. Kuɗin magani alheri ne, mai bayarwa ke yanka shi, mai karɓa ya yi godiya. Diyya haƙƙi ne, mai biya ba ya jiran godiya. Wanda ya saba jin na farkon, in aka ambata masa na biyun sai ya ji kamar an ce ya ci kuɗin jini.

Za a ce, wane direba ne ke da rabin kilo huɗu da kwata na zinariya? Magabata sun riga mu wannan tambaya. Diyyar kuskure in ta kai sulusi ba a bar wa mai laifi shi kaɗai, ana raba ta a kan aƙila, wato danginsa maza na wajen uba, cikakkiyar kuma a biya cikin shekara uku. Aƙila ta yi rauni a zamanin da ɗan'uwa ke Legas, wani Agadas. Sai dai akwai wata aƙilar a aljihun gaban kowace mota, a naɗe cikin leda, wadda direbobi ke ɗauka takardar 'yan sanda ce. Inshora ke nan. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a Nijeriya inshorar da ake kira ta mutum na uku. Na farko mai mota, na biyu kamfani, na uku kuwa shi ne ɗan garuwanmu: wanda bai sa hannu a komai ba, amma dominsa aka yi takardar. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kai abin da za a biya na ɓarnar dukiya naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, ba ta rauni ko rai ba. Masu ƙyamar inshora saboda riba da garari suna da takaful, wanda tsarinsa na taimakekeniya ya fi kama da aƙilar asali. Matsalar ita ce takardun jabu da ake saya a bakin ofishin lasin. Mai mota ya biya kuɗi, ya sami abin nuna wa ɗan sanda, ranar da aka nemi kamfani a tarar babu shi.

Akwai wasu kalmomi biyu da ke ruɗa dangin majinyaci: tara da beli. In an ce an ci direba tara, sai su ɗauka shari'a ta ƙare. Tara aljihun gwamnati take shiga. Bulala 80 ta shan giya ma, in an tabbatar, haddi ne, ba ta ɗora ƙashi. Shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da direba, ko da yake alƙali na iya haɗawa da umurnin a biya wanda aka cuta. Neman haƙƙi ƙofa ce ta daban, wanda aka ji wa rauni ne ke buɗe ta da kansa, a kotun shari'ar Musulunci ko a babbar kotu, kuma yana iya haɗawa da mai motar in direban yaronsa ne a bakin aiki. A nan ba lalle sai ya tabbatar da maye ba. Sakaci ya isa: gudu, ko barin hannu, ko hawa gefen masu tafiya a ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar agajin shari'a ta ƙasa da aka kafa a 1976, kuma da'awar hatsari na cikin abin da dokarta ta ambata. Amma neman haƙƙi yana da wa'adi a doka, ba a barinsa sai an gama jinya an gama zumunci.

Kowace ƙofa aka bi, hujja za a tambaya. Mu mutanen Kusugu bai kamata a koya mana wannan ba. A labarin da muke ba baƙi kullum, da aka wayi gari macijin rijiya a mace, masu cewa su suka kashe shi sun yi yawa a gaban Sarauniya Daurama, amma wanda ya fito da kan shi aka gaskata. Kan macijin hatsari shi ne lambar mota, da rahoton 'yan sanda, da takardar likita, da rasit na kowace allura, da sunan mutum biyu da suka ga yadda direba ke tangaɗi. Duk waɗannan a daren farko ake samunsu ko a rasa su, daidai lokacin da kowa ke cewa a bari hankali ya kwanta.

Ban ƙi sulhu ba. Zauren mai unguwa ya kashe wutar da kotu ba za ta iya ba, kuma yafiya tana da lada mai girma. Abin da nake ƙi shi ne a yafe da bakin wani. Diyyar mamaci gado ce, ana raba ta kamar yadda ake raba gida da gona, kuma baffa ba shi da ikon kyautar da rabon maraya don a ce gidansu gidan mutunci ne.

Ɗan garuwan nan wansa ne ya yafe a madadinsa, yana kwance bai gama farfaɗowa ba. Kuɗin ambulan sun ƙare a mako na biyu, aka sallamo shi aka kai wa mai ɗori. Ƙafar ta haɗe a karkace. Yanzu goro yake sayarwa a faifai kusa da ƙofar rijiyar, inda 'yan makaranta ke sauka daga bas su sha ruwan Kusugu. Rannan na tsaya saye, na ce, "Malam, yaya ƙafa?" Ya ce da sauƙi, sai dai in sanyi ya shigo. Na tambaye shi ko motar nan tana da inshora. Ya dube ni, ya ce shi ai ba shi da mota.