Hoton cikin jiki da maganaɗisu: yadda naɗin waya ke gyara hoto ko ɓata shi

Ban da radiyo da sikana da aka sani a asibitoci, masu bincike na gwada wata dabara ta hango cikin jikin mutum ko cikin ƙarfe ba tare da an taɓa shi ba. Tushenta binciken Michael Faraday ne na 1831 a Ingila: ƙarfin maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da lantarki a cikin duk abin da wuta ke iya ratsawa.

Ana kewaye abin da za a duba da naɗaɗɗun wayoyin jan ƙarfe, irin waɗanda masu gyaran injina ke kira bobin. Ɗaya tana aika maganaɗisu, wanda ke tayar da ƴar wuta mai zagaye a cikin abin. Sauran su kama amsar da ta dawo, kwamfuta kuma ta mayar da ita hoto.

Wahalar ita ce jan ƙarfe ya fi jini ɗaukar lantarki sau miliyoyi. Saboda haka amsar jikin mutum ba ta da ƙarfi, maganaɗisun da aka aika yana danne ta. A nan ne ƙirar bobin ke da tasiri.

Faffaɗar bobin tana kaiwa can ciki, amma hotonta dishi-dishi ne. Ƙarama tana rarrabe ƙananan abubuwa, sai dai ba ta nisa da fata. Ƙara yawan naɗi yana ƙara ƙarfin sigina, amma idan ya wuce kima bobin ba ta jure saurin sauyin wuta, wanda a aikin jiki yakan kai sau miliyan 10 a daƙiƙa.

Yawansu ma abin lura ne. Bobin 8 masu aikawa da karɓa suna ba da awo 28 mabambanta, 16 kuwa suna ba da 120. Akwai kuma naɗi mai siffar lamba 8, wanda ɓangarorinsa biyu ke saɓa wa juna: suna soke maganaɗisun da aka aika, su bar amsar jiki ta fito.

An gwada dabarar wajen lura da narkakken ƙarfe a masana'antu. A fannin lafiya kuwa, inda ake fatan gano zubar jini a ƙwaƙwalwa da na'ura mai araha, har yanzu tana matakin bincike.