Tsohuwar Manhaja Cikin Sabuwar Kwamfuta

A shekarar 1978, wadda a cikinta aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, har jama'ar Maradun da Talata Mafara da Bakura suka shiga sabon zamani na noman rani da jayayyar diyyar gonaki, waɗansu mutum biyu a birnin Shikago na Amurka, Ward Christensen da Randy Suess, suka ƙago wani abu da ya zama mafarin zumuntar da ake yi yau ta waya. Dusar ƙanƙara ce ta tsare mutanen birnin a gida cikin Janairu, su kuwa suka ci moriyar zaman, ran 16 ga Fabrairu suka buɗe allon sanarwa na farko na kwamfuta da ake shiga ta layin tarho, irin wanda aka sani daga baya da sunan BBS.

Sifarsa ita ce, mutum ya ajiye kwamfuta a ɗakinsa, ya haɗa ta da layin tarho ta wata na'ura da ake kira modem, sa'an nan duk mai bukata ya bugo, ya karanta abin da na gabansa suka rubuta, ya bar nasa jawabin, ya sauka domin wani ya samu shiga, gama layi ɗaya ba ya ɗaukar baƙo biyu. Rubutu yana sauka ne kamar harafi 30 a daƙiƙa, har ido na iya binsa. A 1984 Tom Jennings ya kafa FidoNet, inda allunan suka riƙa kiran juna da tsakar dare, sa'ad da kuɗin waya ke da rahusa, suna miƙa wasiƙu daga wannan zuwa wancan, tamkar ayarin fatake mai kai saƙo zango zango. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin wannan silsila sun kusa 40,000, an kuma ba Afirka shiyya ta biyar.

Mu a nan ba mu samu rabo mai yawa ba, domin sharaɗin abin shi ne tarhon gida, alhali kuwa Nijeriya duka ba ta da layin NITEL rabin miliyan kafin zuwan wayar hannu ta GSM a 2001, lokacin da intanet ta riga ta kwashe wa allunan jama'arsu.

Sai dai ba su mutu ƙurmus ba, kuma a nan hikimar take. Yawancin manhajojinsu an rubuta su ne domin MS-DOS, wanda Windows ta yanzu ba ta karɓar shirye-shiryensa kai tsaye. Saboda haka masu sha'awarsu suka koma ga wata tsohuwar dabara ta kamfanin IBM, wadda ya fitar kasuwa a 1972, wato a gina kwamfuta ta kwaikwayo a cikin ta haƙiƙa. Da VirtualBox, ko QEMU da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fitar a 2003, ko DOSBox, mutum zai yanki wani kaso na ƙwaƙwalwar injinsa, ya mai da fayil guda ya zama faifai, ya ɗora DOS a kai, tsohuwar manhaja ta zauna daram ba ta san zamani ya juya ba. Da yake har yanzu jiran ƙarar tarho take yi, sai a sa wani ɗan shiri ya tsaya a matsayin modem, wanda in baƙo ya iso ta intanet zai sanar da ita cewa waya na kira, ita kuwa ta amsa da ladabinta na da. (Ruɗi ne, amma ban ga malamin da zai kira shi ha'inci ba.) Akwai cikas, ba shakka: shirye-shirye da dama da aka rubuta da Turbo Pascal suna faɗuwa nan take in injin ya cika sauri, sai an yi musu gyara ko an rage gudun da gangan, waɗansu kuma da lamba biyu suke ƙirga shekara, tun 2000 lissafinsu ya rikice.

Abin da ya sa na ga al'amarin ya shafe mu shi ne wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma mun san haka ne domin ƙanensa Abdullahi ya rubuta a Tazyinul Waraƙati, da tawada a kan takarda, abin da ba ya bukatar komai sai ido da malamin da zai warware nassi. Rubutun kwamfuta kuwa isnadinsa dogo ne, daga faifai zuwa na'urar karanta shi, zuwa manhajar da ta haife shi, in mutum ɗaya ya faɗi a cikin silsilar, ruwaya ta yanke. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, a tsakiyar zamanin ƙananan faifan nan masu kusurwa huɗu, waɗanda kamfanin Sony ya daina yi a 2011, waɗanda kuma zafi da ƙurar hunturu ba sa raga musu.

Don haka ina kira ga malamai da ɗaliban ilmin kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su nemi izini su bi ofisoshi da makarantu, duk tsohon faifan da suka samu a kabad su kwafe shi sukutum tare da manhajarsa tun yana karantuwa. VirtualBox da QEMU da DOSBox duka kyauta ake samunsu, kuma kwamfutar ɗalibi ta ishe su.